Garin Gwamna a kan sikeli: Ko Kaduna ta cancanci sunan da ta yi?

Garuruwan da ke bakin ruwa sun fi sauran saurin yin suna. Da an ambaci Kalaba sai a tuna tsafta da bikin kalankuwar watan Disamba, da an ambaci Legas sai a tuna teku da kuɗi. Arewa ba ta da teku, amma tana da Kaduna, garin da aka kafa a gaɓar kogi, wanda a ruwayar da ta fi shahara ya samo sunansa daga kadojin da ke cikin ruwan. Shekaru da dama, duk wanda ya taso daga Gusau ko Azare ko Mubi ya ce zai tafi Garin Gwamna, an san ya nufi wurin da tituna suke a miƙe, itatuwa suka yi wa hanya rumfa, albashi yake fita a kan kari, kuma Bahaushe da Bayarabe da Bajju da Ibo suke haya a gida ɗaya.

Wannan suna yana da farashi a aljihu. Shi yake sa ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a fili a Malali ko Unguwar Dosa, shi yake sa ɗan kasuwa ya ci bashi ya kama shago a kan titin Ahmadu Bello, shi yake sa manyan Arewa su riƙe gidajensu a Unguwar Rimi ko da a Abuja suke kwana. Don haka tambayar ko garin yana daidai da sunansa ta wuce hirar majalisa. Hanyar amsa ta ita ce a ɗauki ginshiƙan da aka gina sunan a kansu, a auna kowanne da abin da mazaunin arewacin kogi yake gani a yau.

Yadda aka yi sunan

Kaduna ba ta cikin tsofaffin biranen ƙasar Hausa. Ba ta da ganuwa irin ta Kano, ba ta da jerin sarakuna irin na Zazzau ko Katsina. Ƙasar Gbagyi ce da Turawan mulkin mallaka suka zaɓa saboda ruwa da layin dogo da kuma nisanta daga fadar kowane babban sarki. A 1917 aka kammala maido da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, bisa shirin Gwamna Lugga. Tun daga farko an raba wa gaɓoɓin kogin aiki: ofisoshi da barikoki da gidajen manyan ma'aikata a arewa, tashar jirgin ƙasa da, daga baya, masana'antu a kudu.

Zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, daga 1954 zuwa 1966, shi ya ɗora wa garin kwarjinin da ake tunawa. A zauren Lugard Hall ake yi wa Jihar Arewa baki ɗaya doka. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa, aka kuma kafa Jama'atu Nasril Islam. A 1964 aka kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da kamfanin ƙera makamai na DICON. Ranar 1 ga Janairun 1966 jaridar New Nigerian ta fito, mako biyu kacal kafin a kashe Sardauna a gidansa, wanda yanzu ya zama cibiyar tarihi ta Arewa House.

Ko bayan rasuwarsa garin ya ci gaba da hawa. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, an yi gagarumin hawan dawaki na bikin FESTAC a 1977, an ƙaddamar da matatar mai a 1980. Mulki, masana'anta, cuɗanyar ƙabilu da kyawun tsari: a kan waɗannan huɗu aka kafa sunan.

Mulki ya tashi, gine-gine sun zauna

Ginshiƙi na farko ya fara girgiza tun ranar 27 ga Mayun 1967, lokacin da Janar Yakubu Gowon ya raba Arewa gida shida. Garin da yake aika umarni zuwa Maiduguri da Ilori ya koma hedikwatar jiha guda, wadda ita ma aka cire mata Katsina a 1987. Sai kuma Abuja ta zama fadar tarayya a Disamban 1991, a nisan da bai kai kilomita 200 ba. Manyan ma'aikata da 'yan kwangila da masu neman muƙami suka bi inda tukunya take tafasa.

Abin da ya rage wa Kaduna shi ne matsayin zauren taro. Gwamnonin jihohin Arewa 19 suna haɗuwa a Gidan Sa Kashim Ibrahim, ƙungiyar tuntuɓa ta ACF tana da ofishinta a titin Sakkwato, kuma da wuya mai neman shugabancin ƙasa ya kammala yaƙin neman zaɓe bai bayyana a Arewa House ba. Wannan martaba ce ta gaske, sai dai tana ciyar da otal-otal da masu hayar kujeru na kwana biyu ne, ba ta ɗaukar matashi aiki.

Kadarorin da jihohin Arewa suka gada tare su ne madubin lamarin. New Nigerian, wadda a da sharhinta yake girgiza gwamnatin tarayya, ta daina fitowa a kai a kai, tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu. Otal ɗin Durbar da aka gina domin baƙin FESTAC ya daɗe a kulle saboda shari'a, har aka rushe shi a Janairun 2020. Kayan jama'a ba ya rasa mai ci, mai gyara yake rasawa.

Inda sunan bai yi ƙarya ba shi ne fagen ilimi da lafiya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Jami'ar Jihar da aka kafa a 2004, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, Asibitin Soja na 44 da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko duk suna nan suna aiki, kuma mafi yawansu a arewacin kogi suke. Kaɗan ne daga garuruwan Arewa suka tara irin wannan.

Jiniyar Kakuri ta yi shiru

Masaƙun suna kudancin kogi ne, amma kuɗinsu a arewa ake kashewa. A zamanin da Kaduna Textiles da Arewa Textiles da Nortex da UNTL suke aiki dare da rana, dubban ma'aikata suke tsallako gada a ƙarshen wata su yi cefane a Babbar Kasuwa, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Audugar Funtuwa da Gusau a nan take zama atamfa. Manomi, direban babbar mota, dillali, tela da mai sayar da abinci duk suna cin arzikin zare ɗaya.

Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu cikin 'yan shekaru. Dalilan sanannu ne: rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, lalacewar noman auduga, da ambaliyar yadudduka masu arha daga Sin, na halal da na fasa-ƙwauri. Da yawa daga ma'aikatan Kaduna Textiles, kamfanin da jihohin Arewa suka mallaka, sun mutu ba a biya su kuɗin sallama ba.

Matatar mai, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ta shafe shekaru ba ta aikin da aka gina ta dominsa, duk da kwangilar gyara ta kimanin dala miliyan 740 da aka ba kamfanin Daewoo a 2023. An samu sababbin jari, irin su kamfanin abincin kaji na Olam da aka buɗe a 2017 da masana'antar harhaɗa motoci ta Dangote da Peugeot. An kuma ƙaddamar da tashar tsandauri a Kakuri a Janairun 2018 domin a riƙa sauke kayan teku a Kaduna kai tsaye. Amma masana'antar zamani injuna take ɗauka fiye da mutane, tashar tsandauri kuma ƙarfinta yana ga jirgin ƙasan da zai kawo mata kaya daga Legas, tsohon layin kuwa ya gaji.

Sakamakon shi ne kasuwar arewacin kogi ta koma dogaro da albashin gwamnati da fansho da barikokin soja. Duk ɗan kasuwar da ke Kawo ko Kasuwar Barci ya san cewa ciniki yana motsawa ne a makon da aka biya albashi, ya kwanta a sauran makonni uku. Lokacin da aka sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017, da lokacin da rage ma'aikata ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a Mayun 2021, masu shaguna sun ji a jikinsu kamar yadda ma'aikatan suka ji. Mafi ƙarancin albashi na Naira 72,000 da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a 2024 ya zo ne bayan cire tallafin mai da faɗuwar Naira sun riga sun cinye ƙarin.

Kogin da ya zama iyaka

A cikin ginshiƙai huɗu, wanda ya fi rushewa shi ne cuɗanya. A da ana yi wa Kaduna kallon ƙaramar Najeriya. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya canza taswirar garin. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 suka mutu a wancan rikici, wasu kimanin 250 kuma a rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002. Tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011 ta ƙara zurfafa ramin.

Bayan kowane rikici sai a yi hijirar cikin gida. Kiristocin da suka shekara da shekaru a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi suka sayar da gidajensu suka koma Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. Musulmin da ke Television da makwabtanta suka tsallako arewa. Wasu musayar gida suka yi kai tsaye. Har bakin gari ya raɗa wa gaɓoɓin biyu sunayen Makka da Kudus, raha mai ɗaci da ke nuna yadda rabuwar ta zauna. Rabuwar ba cikakkiya ba ce, domin akwai Musulmi da yawa a Barnawa da Kakuri da Makera, akwai kuma manyan coci-coci a tsakiyar gari da unguwannin ma'aikata na arewa. Amma mai neman haya a yau yakan fara tambayar su wa ke unguwar kafin ya tambayi kuɗi.

Adalci ne a faɗi cewa tsakiyar birnin ta shafe shekaru ba ta ga rikici mai girman na 2000 ba. Aikin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba kafin su kafa cibiyar sasanci tare, da yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addinai suka sa wa hannu a Agustan 2002, sun yi tasiri har a wajen Najeriya. Sai dai zaman lafiyar da ya ginu a kan nisantar juna yana da rauni. Belfast ta Arewacin Ayaland ta samu yarjejeniyar sulhu tun 1998, amma har yau katangun da suka raba unguwanninta suna tsaye. A Kaduna ba a buƙaci katanga ba, kogi ya ɗauki aikin. Yaron da aka haifa a Rigasa bayan 2000 zai iya gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan Sabon Tasha ba, alhali iyayensu wataƙila a masaƙa ɗaya suka yi aiki.

Sababbin tituna, tsohon bashi

Inda garin ya fi kusantar sunansa a yau shi ne a ido. Shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a Yunin 2019 ya sauya fuskar arewacin kogi fiye da duk wani aiki tun bayan zamanin soja. An sake gina gadar Kawo, an haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a shataletalen Leventis, an faɗaɗa titunan Waff da Yakubu Gowon da Alƙali da wasunsu, an gyara Dandalin Murtala, an kuma ƙara gada daga Kabala Costain zuwa Barnawa. Wanda ya bar garin shekara goma zai iya ɓata hanya a unguwar da aka haife shi. Kuɗin shigar jihar ma ya tashi daga ƙasa da Naira biliyan 15 a 2015 zuwa kimanin biliyan 58 a 2022.

Amma kowane titi yana da takardar biya. Rancen dala miliyan 350 na Bankin Duniya, wanda Majalisar Dattawa ta fara ƙin amincewa da shi a 2018, da dala ake biyansa, kuma darajar Naira ta zube tun daga 2023. A ƙarshen Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da Naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba, ya ce a wannan wata an cire Naira biliyan 7 daga cikin biliyan 10 na kason jihar domin biyan bashi. A Yunin shekarar kwamitin Majalisar Dokokin Jihar ya yi zargin cewa an karkatar da Naira biliyan 423, zargin da tsohon gwamnan ya musanta, ya kuma garzaya kotu. Rarrabe gaskiyar wannan aikin shari'a ne. Abin da ba ya buƙatar hukuncin alƙali shi ne cewa ma'aikaci da mai biyan haraji su za su biya titunan, shekaru bayan an yanke zaren buɗe su.

'Yan kasuwa sun biya nasu kason tun da wuri. An rushe Kasuwar Barci a Maris na 2020, ana dab da kullen annobar korona, aka kuma rushe wasu kasuwannin unguwanni domin a sake gina su. Sababbin gine-ginen sun fi tsofaffin rumfuna kyau da tsari, amma ƙorafin da ya fi yawa shi ne farashin shagunan ya fi ƙarfin masu ainihin wurin. Tela ko mai gwanjon da ya kasa saye ya koma bakin titi, inda jami'an tsaftace hanya suke jiransa. An kuma sare manyan itatuwa da dama domin faɗaɗa hanyoyi, an yanyanka manyan filayen tsofaffin gidajen gwamnati an cika su da benaye. Inuwar da aka shuka tun zamanin Turawa ba ta dawowa a wa'adin gwamna ɗaya.

Akwai kuma tambayar ina aikin ya tsaya. Daga manyan tituna a shiga lungunan Rigasa ko Hayin Banki ko Badarawa da damina, sai a ga wani garin daban. Tsarin da Max Lock ya zana wa Kaduna a 1967 ya yi hasashen shekara hamsin, amma jama'a sun riga tsarin gudu, birnin ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Cikun.

Ga kogi, ga ƙishirwa

Babu abin da ya fi tona asirin tazarar da ke tsakanin suna da zahiri kamar ruwa da wuta. Matatar ruwa ta Malali a bakin kogi take, amma a unguwanni da yawa 'yan garuwa da rijiyar burtsatse su ne hukumar ruwa. Mai hali ya haƙa tasa, marar hali ya sayi jarka, kuma idan aka lissafa, talaka ya fi mai kuɗi biyan tsada a kan kowace lita. Gwamnatin yanzu ta amsa cewa fannin ya durƙushe, ta kuma fara gyara. Ma'aunin nasararta shi ne ranar da famfon Tudun Wada zai kawo ruwa da rani.

Haka wutar lantarki. Kogin Kaduna ne yake juya injunan madatsar Shiroro mai megawat 600 da ta Zungeru mai megawat 700 a Jihar Neja, babbar tashar rarraba wuta ta Mando kuma a cikin garin take. Duk da haka tashar Kudenda mai megawat 215 da aka bayar da kwangilarta tun 2009 ta zama abin misali wajen jinkiri. A Janairun 2024 hukumar kula da lantarki ta rushe shugabancin kamfanin rarraba wuta na Kaduna saboda bashin Naira biliyan 110. A Oktoban shekarar, lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya taimaka wajen jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Maƙeran Panteka, waɗanda suke iya ƙera kusan duk abin da aka nuna musu, da masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara, ribarsu a bakin janareta take ƙarewa. Fatan da ya rage shi ne bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

Garin barikoki

Kaduna ce mazaunin Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa, ga NDA, ga sansanin sojan sama, ga Jaji a kan hanyar Zariya. Wannan ya sa abin da ya faru a 2021 da 2022 ya yi wa sunan garin illa ta musamman. A Maris na 2021 aka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka. A Agusta aka kutsa cikin NDA kanta, aka kashe hafsoshi biyu, aka tafi da ɗaya. Ranar 28 ga Maris na 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, kwana biyu bayan 'yan bindiga sun kusanci filin jirgin sama. Jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. Na wani lokaci, garin da aka kafa saboda mahaɗar hanyoyi ya zama wurin da ake fargabar shigarsa ta mota, ta jirgin ƙasa da ta sama.

Al'amura sun lafa idan aka kwatanta da wancan lokaci. Matafiya sun dawo hanyar Abuja, sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanun garin. Amma harin jirgi marar matuƙi da ya hallaka masu Mauludi a Tudun Biri a Disamban 2023 da sace 'yan makarantar Kuriga a Maris na 2024 sun nuna cewa kwanciyar hankalin birni ba ta fi ta ƙauyukan da ke ciyar da shi ƙarfi ba. Farashin masara a kasuwar Kawo yana bin labarin da ya fito daga Giwa da Birnin Gwari.

Gari ya ba kogi baya

Abin mamaki, garin da ya ci sunan kogi bai san abin da zai yi da kogin ba. Alƙahira ta shimfiɗa wa Nilu titin shaƙatawa, Ahmedabad ta Indiya ta gyara gaɓar Sabarmati ta buɗe wa jama'a a 2012. A Kaduna, in ban da lambun Ƙofar Gamji, inda gadar ƙarfen da aka gina a Zungeru a 1904 take ajiye a matsayin kayan tarihi, da wuya a sami wurin da magidanci zai kai iyalinsa su zauna su kalli ruwa. Yawancin gaɓar bayan gida ce: magudanai suna zuba a ciki, ana jibge shara, ana haƙar yashi, ana gini a kan hanyar ruwa. Kogin kuwa yana ramawa. Mazauna titin Kigo da Rafin Guza da sassan Tudun Wada sun san abin da watannin Agusta da Satumba suke kawowa, tun daga ambaliyar 2003 har zuwa shekarun nan.

Kafin a yi gaggawar gina wani katafaren wurin shaƙatawa, akwai darasi daga Kalaba. Gwamna Donald Duke ya fara bikin kalankuwa a 2004, aka buɗe Tinapa a 2007 da burin ta zama Dubai ta Afirka. Bikin ya ɗore saboda jama'a sun mayar da shi nasu. Tinapa kuwa bashi ya danne ta, shagunanta suka zama kufai. Abin da gaɓar Kaduna take buƙata ya fi wannan sauƙi da arha: a shata iyakar da ba a gini, a biya diyyar gaskiya ga wanda za a tasa, a hana zuba shara da dagwalon masana'antu, a shuka itatuwa, a bar fili buɗe ga kowa ba tare da kuɗin shiga mai tsada ba. Gaɓar kogi ce kaɗai wurin da yake daidai nisa daga Kawo da Sabon Tasha.

Hukuncin sikeli

Idan aka tattara, Kaduna ta cika sunanta a manyan tituna da makarantu da asibitoci, ta cika rabinsa a matsayin zauren siyasar Arewa, ta gaza a masana'anta da cuɗanya da ruwa da wuta. Har yanzu ta fi Abuja sauƙin rayuwa, ta fi Kano sarari, kuma jirgin ƙasan Rigasa ya sa mutum zai iya aiki a Abuja iyalinsa suna Kaduna. Wannan dama ce, amma tana ɗauke da haɗarin garin ya zama ɗakin kwanan wani birni.

Waɗanda suka kafa sunan sun fara da abin da ke kawo albashi, kyau ya biyo baya. A shekarun nan an fara da kyau, da kuɗin aro, ana fatan albashi zai biyo. Motocin bas masu amfani da gas da aka fara jigilar ma'aikata da ɗalibai kyauta da su a 2025, da gyaran Panteka, sun nuna an fara duba aljihun talaka. Mai son sanin ko Garin Gwamna ya dawo ba ya buƙatar jiran jawabin cika shekara. Ya duba ko tela ya koma shagonsa a Kasuwar Barci, ko tsohon ma'aikacin masaƙa ya karɓi haƙƙinsa, ko famfo ya kawo ruwa a watan Afrilu, da kuma ko mai gida a Unguwar Sanusi zai ba ɗan Narayi haya ba tare da makwabta sun ɗaga gira ba.